Ranar da Na Ƙi Ɗaga Kawu Sale

Ina waiwayawa na hango Kawu Sale kwance a gindin matakalar wata kasuwar tufafi a Liuhua. Santsin ruwan sama ne ya kwashe shi. Sarin kaya ya zo yi daga Kano, ni nake masa tafinta.

Kun san halinmu. Nan da nan 'yan uwa suka rufu a kansa, wannan ya kama hannu, wancan ƙafa, ni na sunkuya zan tallafo kai.

Sai wata tsohuwa mai shara ta daka mana tsawa: "M hou yuk!"

Sinancin Mandarin nake karantawa a jami'a. Kantonis ɗina kuwa, yaren garin da ta yi, tsintuwa ce wajen tsofaffi masu motsa jiki a unguwarmu: "kei" tsaya, "co" zauna, "mau" tsuguna, "yuk" motsa. Cewa take kada a motsa shi. Na hana kowa taɓa shi.

Kawu ya ce, "Habibu, tashe ni mana! A ƙasa za ka bar ni, jama'a suna kallo?"

"Kawu, ku yi haƙuri. Ba zan ɗaga ku ba."

Tunda nake ban taɓa yi masa musu ba. Na tsuguna kusa da shi, yana hararata har motar asibiti ta iso.

Likita ya ce ƙashin wuyansa ne ya tsage, da mun ciccibe shi, ƙila shi da tafiya har abada.

Jiya da ƙafarsa ya je ya kai wa tsohuwar lemo.

Ku fa, babba yana kwance yana kiran sunanku, za ku iya ƙi?