Hoton Yaya da Na Saka a Dandali

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, amma har yanzu in waya ta yi ƙara kusa da ni sai na yi wuf na duba. Zan rubuta abin yadda ya faru, ko na samu ya sauka daga kaina.

Akwai wani dandalin tattaunawa a intanet da mutanen wajenmu suka buɗe, na 'yan Matameye da Kance da ƙauyukan gefe, yawanci saboda mazanmu masu tafiya cin rani. Mai kula da shi tsohon malaminmu ne na faransanci a kwalej, wanda ya aje aiki. Ya raba dandalin sashe-sashe. Akwai na kasuwa, inda ake faɗin yadda gero da wake suka kwana. Akwai na 'yan cin rani, inda ake tambayar wa zai zo gida a ba shi saƙo. Sai na sanarwa, na haihuwa da aure da rasuwa. Na shiga ne bara, bayan na bar lise, wato babbar sakandare, na dawo zama da Inna. Ban taɓa rubuta ko kalma ɗaya ba. Karantawa kawai nake yi, in wani ya sa murya in kunna mu ji tare.

Yayana shi ne ɗan farin Inna. Tun rasuwar Baba, duk shekara in an gama girbi sai ya tafi Legas ya kafa teburin shayi, ya dawo gab da shuka. Kowace Juma'a in an sauko masallaci yakan kira. Inna ba ta karɓar wayar, don kunyar ɗan fari, ko sunansa ban taɓa ji a bakinta ba. Ni ke magana da shi, in buɗe murya, ita kuma ta sami wani aiki a kusa, ta ba mu baya. In mun gama sai ta ce, "Wancan ɗin me yake cewa?" alhali ta ji komai.

Juma'a ta farko da bai kira ba, na ce rezo ne, layin waya ya ƙi. Ta biyu na kira ya fi a ƙirga, wayar a kashe. Ta uku da ta wuce, na ga tuwon Inna na dare yana kwana a kwano. Ranar Asabar da safe tana zaune tana ɓarar gyaɗar iri, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wannan abin naku da ake jin labarin mutane, ba ya jin na kowa da kowa ne?"

Na gane. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado.

Na danna inda ake buɗe sabon batu. Ya tambaye ni sashe, na ce ai cigiya sanarwa ce, na zaɓi na sanarwa. Ya ba ni wurin maƙala hoto. Hotunan Yaya biyu ne a wayata: ɗaya yana gona da tsohuwar riga, ya yi gumi yana dariya, ɗaya kuma na Sallah, farar shadda da hula, ya tsaya ƙyam bai yi murmushi ba. Na ce ba zan nuna wa duniya yayana da yagaggiyar riga ba. Na sa na Sallah.

Sai rubutu. A dandalin akwai sa'o'in Baba, akwai alhazai da malamai, ban ga yadda yarinya kamata za ta faɗo musu da buƙata babu gaisuwa ba. Na yi sallama cikakkiya. Na gai da iyayena, na gai da yayyena na gida da na nesa, na tambayi iyali da zafi da gajiya, na nemi afuwar shigowa. Sai can a ƙasa na ce wannan yayana ne, mai shayi a Legas, sati uku ba mu ji shi ba, wanda ya gan shi ya taimaka ya sanar da mu. Akwai maɓallin duba rubutu kafin a aika. Na gan shi sarai, amma don sauri na tsallake shi na aika.

Abin da ban lura ba, duk da shekara guda da na yi ina kallo, shi ne dandalin ba ya nuna dogon rubutu duka. Hoto yake nunawa da layi biyu na farko, saura sai ka danna ka buɗe. Kuma a wajenmu, namiji shi kaɗai da kayan Sallah a sashen sanarwa, in ba a ga amarya ko jariri ba, kowa ya san me ake nufi.

Na aje wayar na je na ɗora ruwan kunu. Da na dawo na tarar da amsa goma sha wani abu. Zuciyata ta yi sanyi, na ce an gan shi. Na buɗe ta farko. Wani dattijo ne da ke zaune a Kano, ya rubuta innalillahi, Allah ya jiƙansa, ya ba Inna haƙuri. Ta biyu haka. Ta uku murya ce, wani mutum yana magana a hankali, ana jin ƙarar motoci a bayansa, yana cewa yaron kirki, yaron kirki.

Ban yi tunanin kuskurena ba ko kaɗan. Abin da ya zo mini shi ne sun sani. Duk garin ya sani, mu kaɗai aka ɓoye wa, shi ya sa wayar take a kashe. Na zauna a ƙasa. Ta ƙofa ina hango Inna tana ɓarar gyaɗarta, kuma ni ce zan fita in faɗa mata. Inna mai hawan jini, wadda likita ya ce a daina kawo mata labari kwatsam.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Sai da na koma saman shafin, na ga abin yadda kowa ke ganinsa: fuskar Yaya, farar hula, a ƙasa sallama da gaisuwa, shi ke nan. Tambayata ba ta fito ba. Na danna gyara, na goge gaisuwar duka, na rubuta da manyan baƙaƙe cewa cigiya ce, ba rasuwa ba. Amma amsoshin ba su tsaya ba. Mai zuwa ba ya duba sama, abin da na gabansa ya rubuta yake gani ya bi. Wasu sun riga sun ɗauki hoton sun tura wa wasu. Kuma ko da na gyara, tsoron bai tafi ba, don ni kaina ban san gaskiyar ba. Wataƙila a cikinsu akwai wanda ya san abin da yake faɗa.

Na kira Malam mai kula da dandali. Ina kuka ina haɗa magana.

Ya ce, "Tsaya, tsaya. Ke ce 'yar bencin gaba, mai dogon rubutu? Har yanzu ba ki daina doguwar gabatarwa ba?"

Na ce, "Malam, don Allah a goge shi."

Ya ce, "In na goge, waɗanda suka gani za su ci gaba da yaɗawa, babu inda za su dawo su ga gyara. Zan rufe amsa, in kafe shi a sama, in sa murya da bakina saboda waɗanda ba sa karatu. Shi kuma dattijon na Kano yanzu zan kira shi in ji ko ya san wani abu. Ke je ki wurin mahaifiyarki kafin wani ya riga ki."

An riga ni. Ina fitowa na ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, sai ga Goggo, ƙanwar Baba, ta shigo da hijabi a karkace tana salati, maƙwabta biyu a bayanta. Ta faɗi gaban Inna ta riƙe gwiwoyinta.

Inna ba ta yi kuka ba. Ba ta tambayi wa ba. Ta ci gaba da ɓara, sai dai na ga tana zuba ɓawon a ƙwarya, gyaɗar tana zubarwa ƙasa. Kaji suka taru a ƙafarta, ba ta kore su ba.

Na durƙusa na ce, "Inna, ni ce. Ni na sa hoton. Cigiya na yi, ba wanda ya ce mini ya rasu."

Goggo ta ɗago, fuska duk hawaye. "Cigiya? Da kayan Sallah? Ke wace irin 'yar lakwal ce? Duk karatun nan ba a koya muku ba a sa rayayye da farar shadda?"

Na ce, "Ɗayan hoton rigarsa a yage take, Goggo."

"Ai gara yagaggiya! Mai yagaggiyar riga ai kowa ya san yana nan yana fama."

Ɗaya daga maƙwabtan ta kusa yin dariya, ta toshe baki. Sai Inna ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "To yana ina?"

Muka zauna. Malam ya kira ya ce dattijon na Kano bai san komai ba, hoto ya gani. Wannan ya rage wani abu, bai rage duka ba. Mutane suka yi ta sallama a zaure, Goggo na fita tana mayar da su, ina jin ta tana cewa, "Ba a tabbatar ba, yarinya ce ta yi aikin boko." Wata tsohuwa ta zo daga Ɗan Barto da tabarmarta, ta ce tunda ta riga ta zo ba za ta koma da rana ba, ta shimfiɗa a inuwar darbejiya. Na auna wa Inna maganinta, ta sha ba musu, abin da ba ta taɓa yi ba.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce ta Najeriya. Na kasa dannawa, Goggo ta fizge ta danna, ta miƙo mini.

"Auta! Ke ce kika kashe ni?"

Na fashe da kuka, har ban ji abin da ya biyo baya ba, sai da ya maimaita. An tashe su daga bakin titin da suke, ya koma wata unguwa mai nisa, a cikin kwashe kaya wayarsa ta faɗa kwata. Lambobi duk suna ciki, ko tawa bai haddace ba. Ya ba wani mai zuwa gida saƙo, ashe mutumin ya tsaya a Kano. Yau yana cikin soya ƙwai sai ga 'yan garinmu uku sun zo neman wanda zai nuna musu inda aka kai gawarsa, suka same shi da cokali a hannu.

"Ɗaya har ya ja da baya zai gudu," in ji shi. "Sati uku ba wanda ya neme ni, yau na mutu, cikin rabin yini an gano ni. Kuma a duk hotunana sai wanda na yi kama da ɗan takara?"

Goggo ta matso ta yi ihu a wayar, "Ja'iri! Ka sa na hau kabu-kabu da tsufana!"

"Goggo, kin yi kuka sosai ko kaɗan?"

"Ko ɗigo ban yi ba."

Sai ya sauke murya. Ya ce, "Tana kusa?"

Na ce tana ji. Ya gaishe ta, ya ba ta haƙuri, ya ce da ruwan farko ya sauka yana hanya. Inna ta miƙe, ta tsaya kamar za ta zo, sai ta juya wajen murhu. Ta ce da ni, "Ki ce masa ya rubuta lambar a takarda ya sa a aljihu, kamar mai hankali." Daga nan ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa. Mun ji kukanta. Babu wadda ta bi ta, Goggo ta ce a bar ta.

Washegari Malam ya sa muryar Yaya a saman batun, ya kuma tambaye ni ko yanzu a goge. Na ce ya ba ni kwana ɗaya. Na zauna na bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya, waɗanda jiya na kasa kallo. Yawancinsu addu'a ce iri ɗaya. Amma a tsakani akwai wasu. Wani ya ce ranar da ya fara sauka Legas bai san kowa ba, a bencin Yaya ya kwana uku, shayi da burodi ba a tambaye shi komai ba. Wani ya ce Yaya ne ya goya shi zuwa asibiti da zazzaɓi ya kayar da shi. Wata mata daga Kance ta sa murya, ta ce duk shekara shi ke kawo mata saƙon mijinta har ƙofar gida, ko ruwa ba ya tsayawa sha. Mu a gida ba mu san ko ɗaya ba. Ni dai na san shi da tsokana da cinye mini ƙanzo.

Na kwafe su duka a bayan tsohon littafina na lise, har da na murya, kalma da kalma, sannan na ce wa Malam ya goge. Na karanta wa Inna rabi, ta ce ya isa haka, amma ba ta tashi ba sai da na ƙarasa. Yaya kam ban faɗa masa ba. In ya ji, ba za mu sake shan ruwa a gidan nan ba don fankama.