Daga Haɗeja Zuwa Rugar Kawu Da Sabon Takalmi

Wata biyu ke nan da yin wannan tafiya, kuma littafin da na riƙa rubuta lokuta a ciki ya jiƙe a kwalekwale, saboda haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Zan faɗi abin da na tuna, inda nake shakka kuma zan ce ina shakka.

Shekara shida ina koyar da labarin ƙasa a sakandare a Haɗeja, ina zana wa ɗalibai duwatsu a allo, alhali in ban da Dala da na hau sau ɗaya ina jami'a, ban taɓa hawa abin da ya fi jigawa tsawo ba. Sai ni da abokin aikina Malam Bitrus, mutumin Filato, muka yi rajista da wani kamfanin 'yan jagora don hawan Kilimanjaro a Tanzaniya. Fasfo, katin rigakafin shawara, takardar likita, jakar barci, fitilar goshi, duk sun kammala. Abu ɗaya ya rage, wanda ba ya cikin takardar kamfanin: izinin mahaifiyata, Inna.

Ta ce ita ba ta san dutse ba, amma yayanta Kawu Jauro, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kai shanu kudu a ƙasa, ya san tafiya. "Ka je masa da ƙafa. In ya ce ka tafi, ka tafi. In ya ce a'a, jakar barcin nan a ba wa mai gadi."

Asabar: Haɗeja zuwa Auyo

Mun tashi ƙarfe shida saura kwata, bayan na idar da asuba. Jakata kilo takwas ce a sikelin masu shinkafa, har da ruwa lita uku kamar yadda takardar ta ce. Takardar ta kuma ce a yi makonni ana sa takalmin hawa kafin tafiya don ya saba da ƙafa. Nawa kuwa tun ranar da ya iso Inna ta kulle shi a akwatinta, ta ce ba a tsufar da takalmin tafiya kafin tafiya. Ban iya musa mata ba. Ranar nan ce ranarsa ta farko.

A shingen bayan gari wani ɗan sanda ya sa na buɗe jaka. Ya warware jakar barcin, ya juya ta, ya dube ni. "Malam, wannan likkafani ne mai zif?" Bitrus ya yi masa bayani, ɗan sandan ya yi dariya, ya ce mu gaishe da dutsen.

Matsalar farko da ban yi tsammani ba ita ce kirkin mutane. 'Yan acaɓa bakwai, ko takwas, suka tsaya mana kafin ƙarfe tara.

"Malam, mashin ne ya lalace? Ku hau, ba sai kun biya ba."

"Mun gode, motsa jiki muke yi."

"Da kaya a baya? Kai, boko bai yi ba. Allah ya sawwaƙe."

Wajen ƙarfe tara da rabi diddigena na dama ya fara zafi kamar an ɗora garwashi. Bitrus, wanda ya tashi yana hawa duwatsu zuwa makaranta, ya lura na canza taku.

"Sa'idu, takalmin nan yana cin ka?"

"Lafiya lau."

A gidanmu haka aka tashe mu. Mun daɗe da zama 'yan birni, amma fulako, kunyarmu ta Fulani, bai bar mu ba: ba a cewa yunwa, ba a cewa ciwo. Kuma a zatona juriyar nan ce Kawu zai auna.

Mun isa Auyo wajen ƙarfe ɗaya. Na bar Bitrus a gindin darbejiya da shinkafa da wake da soyayyen kifi, na zaga bayan masallaci na yi alwala inda ba zai gan ni ba. Safar ta manne da fata. Na mai da takalmin na ɗaure.

Tsallake ruwa

Ƙarfe uku muka isa mashiga. Mai kwalekwalen, wani dattijo Babarbare da ake kira Baba Modu, da jin inda za mu ya kama wasan da ke tsakaninmu da su.

"Yau ga bawana Bafillace ya yar da sanda ya ɗauki jakar Turawa! Ina shanun?"

"Suna wajen ubangidanka, Baba, can za ni."

Ya ratsa da mu ta wata 'yar hanya tsakanin kacala, ciyawar nan da ta toshe rabin ruwan. Nan littafina ya faɗa cikin ruwan da ke ƙasan jirgin. Daga nan duk lokutan da zan ambata ƙiyasi ne.

Rugar Kawu

Rana ta yi sanyi muka isa. Kawu yana tsaye bakin garke yana kallon tahowarmu. Bayan gaisuwa ya ce, "Ƙafa fa?" Na ce lafiya lau. Aka kawo fura da nono, ya sake tambaya, na sake ba shi amsar. Sai ya juya ga Bitrus.

"Malam, karanta mini takardar mutanen dutsen."

Bitrus ya riƙa fassarawa: a yi tafiya sannu a hankali, a sha ruwa ko ba ƙishi, a sa tufa bisa tufa saboda sanyi. Sharaɗin ƙarshe ya ce can sama iska ba ta isar huhu, don haka duk wanda ya ji ciwon kai ko tashin zuciya ya gaya wa jagora nan take, domin ɓoyewa tana iya kisa.

"Maimaita wannan," in ji Kawu. Bitrus ya maimaita. Kawu ya tashi ya tafi alwalar magariba.

Lahadi: komowa

Da hantsi Kawu ya ce zai raka mu mashiga. Ya haura saba'in, amma ya saɓa sanda a kafaɗa ya shiga gaba, yana bin kunyoyin shinkafa kamar mai bin sawun ɓarawon shanu. Tafiyar da jiya ba ta kai rabin awa ba, yau ta ƙi ƙarewa. Ina jin danshi a cikin takalmin, na kuma san ba ruwa ba ne. Na yi ta lissafin shekarun da na yi ina burin dutsen nan, da yadda kalma ɗaya za ta rushe shi. Daga bisani ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Na zauna a kan kunya.

"Kawu, ƙafata. Tun jiya da safe take ciwo. Ba zan iya ba."

Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Na gaji da zaga gawon nan. Sau uku ke nan."

Na ɗaga kai. Lalle gawo ɗaya ne muke ta wucewa, ni malamin labarin ƙasa ban lura ba. Bitrus ya lura, shi ya sa yake ta tari tun ɗazu.

Kawu ya tsuguna ya kwance mini igiyar takalmin da hannunsa. Yana cire safar a hankali ya ce, "Mu uku muka kai shanu kudu wata shekara, har da ƙanenmu Buba. Kwana huɗu zazzaɓi yana cin sa, kullum lafiya lau. Mu biyu muka dawo. Uwarka ba dutse take tsoro ba, ɗan nan. Bakinka take tsoro."

Na san akwai wani Kawu Buba da ba a ambatarsa a gidanmu, amma ban taɓa sanin dalili ba sai ranar.

Bitrus ya wanke ciwon ya sa filasta, na sa silifa. Kawu ya ce daga tsallake mu hau mashin, kuma in gaya wa Inna bakina ya buɗe. Ɗan acaɓar da muka samu a tsallaken ina kyautata zaton cikin na jiya ne, don yana ganinmu ya ce, "An gama motsa jikin?"

Mun shiga Haɗeja bayan azahar. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dubi silifan da ke ƙafata, ta dubi takalmin a rataye a wuyana.

"Ya ƙafar?"

Saura kaɗan in ce lafiya lau, har na buɗe baki.

"Tana ciwo, Inna. Sosai."

Ta daɗe tana kallon farantin. Sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To. Allah ya kai ka, ya dawo mini da kai. Takalmin kuma in ka warke ka riƙa sa shi kullum, na fasa ajiya."

Ina godiya ga Allah, da Kawu Jauro, da Baba Modu, da Malam Bitrus wanda zai zama abokin tantina a kan dutsen. Duk wanda ya shaida wani abu daga tafiyar nan ya ga na yi kuskure a lokaci ko nisa ko yawan 'yan acaɓa, don Allah ya aiko mini in gyara. Bitrus ya riga ya aiko nasa: ya ce na manta ban rubuta cewa na yi kuka a gindin gawon ba. Gaskiya ne, na yi.