Ranar da Baba Masinja Ya Juya Tarin Fayil

Shekara talatin da ɗaya Baba Masinja ya yi yana ɗaukar fayil daga ofishin magatakarda zuwa teburin alƙali. Taku arba'in ne tsakani, ta wata siririyar baranda mai warin tsohuwar takarda da kashin ɓera. Bai karanta doka ba, amma ya san wadda ta fi kowace aiki a kotun nan: mai babban lauya fayil ɗinsa a sama, mai ƙaramin lauya a tsakiya, wanda ba shi da kowa sai Allah yana can ƙasa. Alƙali kuwa daga sama yake ɗauka, ƙarfe ɗaya na bugawa ya tashi. Na ƙasa sai wani watan.

Baba bai taɓa ganin aibun wannan tsari ba sai da abin ya faɗo kan ƙaninsa Auta. Auta mai walda ne a masana'antar katifa, ɗan ƙungiyar ma'aikata, ga baki kamar reza. Da ya tara abokan aikinsa a kan a daina garƙame musu ƙofa da kwaɗo lokacin aiki, sai aka wayi gari wai an ga wayar tagullar masana'antar a jakarsa. Mai masana'antar da kansa ya kira 'yan sanda.

Duk ranar da aka kawo shi daga gidan yari, Auta kan leƙo ta tagar motar fursunoni.

"Yaya, yau ina nake?"

"Kana ƙasa. Ka yi haƙuri."

"Kai ne fa kake ɗauke da ni a hannunka! Wai doka ɗaya ce ga kowa. To, doka ɗaya, layi biyu? A bi wanda ya riga zuwa mana. Gwamnati ta ba kowa lauya, a zaunar da lebura biyu kusa da alƙali su ma su ji. Kotun nan ta masu kwaɗo ce, Yaya."

"Rufe mana baki, kada ka ja mini kora."

Haka aka yi ta yi har shekara uku, a kan laifin da ko an same shi da shi, wata shida ne hukuncinsa. Tari ya kashe Auta a gidan yari, ba a taɓa kiran sunansa ba. Baba ne ya wanke gawar. Takardar mutuwar kuma babu wanda ya damu ya kawo ta kotu, don haka fayil ɗin bai fita daga tari ba. Shekara huɗu bayan nan Baba na ɗaukar ƙaninsa kowane wata, a ƙasa, yana haɗiye abin da ke cin ransa.

Sai gobara ta tashi a masana'antar. Mutum bakwai suka ƙone a bayan ƙofar nan mai kwaɗo. Da surutu ya yi yawa aka kama mai masana'antar, aka sa neman belinsa ranar ƙarshe kafin kotu ta tafi hutun mako shida. Ya zo da lauyoyi uku, ƙamshin turarensu har baranda. Shi kuwa Baba saura wata biyu ya yi ritaya ya fara cin fanshonsa.

Magatakarda ya jera fayil, ya daddaɓa na sama. "Baba, a kula da wannan."

A taku na ashirin Baba ya tsaya. Ya ajiye tarin a bakin taga, ya sake jera su ɗaya bayan ɗaya, na ƙasa ya koma sama. Kada wani ya ce gyaran duniya ya nufa. Ƙiyayya ce zalla ta shekara bakwai.

Alƙali ya ɗauki na sama, aka kira sunan Auta. Aka sake kira, aka kuma.

"Ranka ya daɗe, ba zai amsa ba," in ji Baba daga bakin ƙofa. "Ya mutu yana jiran a kira shi. Ƙanina ne. Wancan mai farar rigar shi ya kawo ƙararsa."

Babban lauyan mai masana'antar ya yi zumbur ya miƙe, yana cewa ai al'ada ce a fara da manya. Alƙali ya daɗe yana duban kwanan watan da ke bangon fayil ɗin.

"Zauna," ya ce. "Yau yadda na same su haka zan bi su."

Kafin ƙarfe ɗaya an sallami wani direba da wata mai shara da kowa ya manta da su. Agogo ya buga, alƙali ya tashi, saura fayil goma sha ɗaya a kan na mai masana'anta.

Magatakarda na jiran Baba a baranda da takardar dakatarwa, yana kumfar baki, wai fansho kuwa sai dai ya ji a bakin wasu. Baba ya karɓa ya cusa a aljihu bai karanta ba. Ya fita harabar kotu inda motar fursunoni ke shirin tashi. Mai masana'antar ya manna fuska a tagar nan, gumi ya jiƙa farar rigarsa.

"Kai, dattijo! Je ka kira mini lauyana. Ina fayil ɗina yake?"

Baba ya matso har yana jin numfashinsa.

"Kana ƙasa," ya ce. "Ka yi haƙuri."