Rufin Ɗakin Gwaji

Shekarar da gwamnati ta tattara komatsanta ta baro Legas, ni ma aka turo ni Abuja in koyar da lissafin gine-ginen ƙarfe. Makarantar sabuwa ce fil. Duk inda ka waiga a gari ana ɗaga ƙarafa sama, amma ɗalibaina ba wanda ya taɓa riƙe ƙarfen gini da hannunsa. Ɗakin gwajinmu bango ne kawai, ɗan kwangila ya jera bulo ya yi gaba, bai rufa ba.

Wata rana ina bayanin yadda dogon ƙarfe siriri yake lanƙwashewa in nauyi ya danne shi, sai wata ɗaliba 'yar Kuje, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

"Malam, lissafin nan na iya shi. Amma wallahi zuciyata ba ta kama shi ba, tunda ban taɓa gani ba."

Aji ya kwashe da dariya, ban da ni. Na nuna musu kangon ta taga, na ce su za su zana firam ɗin ƙarfen da zai ɗauki rufinsa.

Shugaban sashenmu ya ce atafau. "Yara ne fa. In ya rufto kan wani, wa zai amsa?"

Na ce, "Ni, ranka ya daɗe. Kuma ba ma ɗorawa sai mun gwada shi a ƙasa."

Na yi ta sintiri a ofishinsa har ya gaji ya sa hannu.

Muka sayo ƙarafa a kasuwar Dei-Dei, mai walda ya haɗa firam guda bisa zanen yaran. Tun a takarda na ga sun manta da tokarar gefe, da gangan na yi gum. Muka aza shi kan tubala a tsakar fili, na sa kowa ya ja baya, muka riƙa rataya masa buhunan yashi. Ba mu kai nauyin da suka lissafa ba ƙarfen sama ya yi wata ƙara, ya karkace.

Yarinyar nan ta matso, ta durƙusa tana shafa inda ya lanƙwashe.

"Ashe gefe yake gudu, ba ƙasa ba!"

Wani daga baya ya ce, "Oga, mun sha kunya. A kira ƙwararru kawai."

Na ce, "Ba wanda za a kira. Ku ɗauko biro."

Nan cikin rana suka zauna kan buhunan, suka sake lissafi daga farko, suna ta gardama kan inda tokara za ta zauna. Firam na biyu ya ɗauki yashin duka bai ko motsa ba. Shugaban sashe ya zo da kansa, ya zagaya shi, ya ce a ɗora.

Kafin damina ta kankama aka buga kwano. Darasin farko da na yi a ciki ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ƙarar kwanon ta hana a ji ni. Na ɗaga murya har ta dushe, muka shiga babin haɗa ƙarafa da noti da walda.