Takalmin Baba na Hagu

Ni ce mai sa matan Douala su sayi sabulun da ba sa bukata. Aikina ke nan a wani kamfani da ke unguwar masana'antu ta Bassa: in ɗauki hoton kaya, in gyara shi ya yi sheƙi, in rubuta kalmomi masu zaƙi da Faransanci, in sake shi a intanet daidai lokacin da mutane suka miƙe ƙafa suna latsa waya. Na san launin da ke tsayar da yatsa, na san awar da ake fi kallo. In kaya suka ƙi tafiya ni ake kira, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura da wannan.

Baba kuwa albasa yake sayarwa a kasuwar Sandaga tun kafin a haife ni. A unguwar New Bell aka haife shi, a nan ya haife mu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Ba ya gajiya da tsokanata. "Uwata, ni albasata warinta ke yi mata talla. Ke kuwa sai kin shirga wa sabulu ƙarya kafin a saya."

Wanda ya san New Bell ya san in ruwa ya sauka, kwata da hanya ɗaya suke komawa. A irin wannan ruwan ne Baba ya ratsa zai je masallaci, wani guntun kwano ya yanke shi a ƙafar hagu. Mutum mai ciwon suga, maimakon ya faɗa, sai ya ɗaure da tsumma ya sa safa a kai. Tun rasuwar Inna shi kaɗai yake kwana a ɗakinsa, babu mai sa masa ido. Ni ma da wari na gane, ran da na kai masa abinci. Na yi faɗa har muryata ta dishe, na tare tasi na ɗauke shi zuwa gidana a unguwar Village, can wajen Ndokoti. Maƙwabtan da suka tambaya na ce musu zai ɗan huta a wurina ne, suka yi ta sa mini albarka.

Bayan kwana biyu muka kwanta a wani asibiti kusa da gidana. Likita ya duba ya ce ƙafar za ta iya tsira, amma sai an yi aiki cikin 'yan kwanakin nan, in ya wuce haka ba ya alkawari. Ya faɗi abin da aikin zai ci. Ɗan abin da na tara ya riga ya tafi a magani da gwaji, wanda ya rage ko rabin rabi bai kai ba.

Baba ya ga fuskata ya gane. Ya kamo hannuna ya ce, "Uwata, abu ɗaya nake roƙonki. Kar ki yi bara da sunana. Ban taɓa miƙa wa ɗan'adam hannu ba, ba zan fara da furfura ba."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. A raina cewa nake, haba, ni da nake sayar da sabulu mota-mota, ƙafa ɗaya ce za ta gagare ni?

Na zauna na tsara abin kamar yadda nake tsara na ofis. Babu suna, babu fuska, don in cika alkawarin Baba. Na ɗauki hoton ƙafar a naɗe da bandeji lokacin da yake barci, na ɗora ta a kan shuɗin launi mai sanyi. Na rubuta da Faransancin da ko malamina na makaranta ba zai sami abin gyarawa ba: wani magidanci na gab da rasa ƙafarsa, taimakonku zai cece ta. A ƙasa na sa lambar tura kuɗi ta waya, sabuwa fil, don kar a gane tawa. Na biya aka tura tallan ga mutanen Douala, na roƙi abokan aikina su yaɗa. Wallahi ya yi kyau. Shugabar sashenmu da ta gani cewa ta yi, "C'est propre," wato ya yi tsaf.

Rana ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Mutane sun gani, ba ƙarya, na ga adadinsu yana hawa. Suka yi ta aiko mini da hoton fuska mai hawaye da hannuwa biyu a haɗe. "Du courage." "Ça va aller," wato a daure, za a ji sauƙi. Waɗanda suka turo wani abu ba su cika yatsun hannu ba, su ma 'yan ofishinmu ne. A rana ta uku wani ya rubuta kalma ɗaya a ƙasan hoton: feyman. Haka ake kiran ɗan damfara a garin nan. Wani ya biyo baya ya ce wannan ƙafar ya gan ta bara, wai a lokacin ta wata tsohuwa ce. Na rubuta masa zagin da ban san na iya ba, sannan na goge kafin in tura, don na san zagi yana kashe talla.

Sai na tuna da guruf ɗin unguwarmu na waya, inda ake sanar da suna da ɗaurin aure da rasuwa. Na ba wata abokiyar aikina, 'yar unguwar Akwa da ta auri Bahaushe, na ce ta sa a ciki kamar daga wurinta ya fito. Ba a yi awa ɗaya ba saƙon murya ya shigo. Na gane muryar nan take. Wani Alhaji ne ɗan kasuwa da ya zo daga Kano shekarun baya, wanda Baba ya saukar a zaurenmu wata uku kafin ya sami shago.

"Jama'a a yi hattara," in ji shi. "Ni ba na jin Faransanci, amma an karanta mini. Ƙafa ce kawai, ba kai, ba suna, ba unguwa, sai lamba. Wane Musulmi ne zai kwanta ciwo a garin nan ba a san ɗan gidan waye ba? 'Yan damfara ne. Allah Ya raba mu da su."

Aka yi ta amin, amin. Mai kula da guruf ya goge hoton.

Na ji kamar in buɗe baki in ce, Alhaji, ƙafar da ta je tasha ta tarbo ka ce! Na danna wurin ɗaukar murya, sai na fasa. Na yi wa Baba alkawari.

Daga nan hauka ta fara. Na ce laifin launi ne, na mai da shuɗi ja. Na ce laifin lokaci ne, na koma sakewa da rana tsaka. Na haɗa bidiyo da kiɗa mai sa tausayi. Na bi masu mabiya da yawa ina tura musu saƙo ɗaya bayan ɗaya, ina "Allah Annabi" da Faransanci, ni da ko sallama ba na fara yi wa irinsu. Yawancinsu ba su buɗe ba. Wata ta amsa ta turo mini farashin tallanta. Ina zaune a bakin gadon Baba, yatsana na jan fuskar waya ƙasa, ina sake ja, ina sake ja, ko wani abu ya shigo. A ƙarƙashin bandeji kuwa yatsun sun fara baƙi, warin ya kai har mai gadon da ke kusa ya roƙi a matsar da shi. Baba zai buɗe ido ya ce, "Uwata, ana dai sayar da sabulun?" in ce masa ana sayarwa.

A rana ta shida Gwaggo ta faɗo. Yayar Baba ce, mai tuwo-tuwo a bakin layinmu na New Bell, mace mai baki kamar reza. Juma'a biyu ba a ga ƙanenta a masallaci ba, wayarsa a kashe, ni kuma in ta kira sai in ce yana barci. Ta hau benskin, babur ɗin haya, da tsufanta ta zo gidana, maƙwabciyata ta nuna mata asibitin. Ta shigo ta yaye zanen da ke ƙafarsa, ta yi salati, ta mayar. Ni ta ja zuwa baranda.

"Ke, 'yar boko. Kwana nawa?"

Na faɗa mata duka, ina kuka ina kare kaina. Na ce ban zauna ba, Gwaggo, ina ta ƙoƙari. Na buɗe waya na nuna mata hoton. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi.

"Wannan ƙafar waye?"

"Ta Baba ce."

"Ni da na goya shi ban gane ta ba. Wa kike so ya gane?"

Na ce shi ya hana a yi bara da sunansa.

"Bara? Wa ya ce miki a yi bara? La'ilaha illallahu! Uban wa kika taɓa ji an yi wa bara a unguwarmu? Mutum ya kwanta, sanarwa ake yi, a zo dubiya. Ke kin ɗauke shi kin ɓoye kamar kayan sata, kin ce wa mutane hutu yake, sannan kin je kina nuna wa baƙi ƙafarsa. Zumunta a ƙafa take, sakarya. Miƙo mini jakata."

Ta zaro wayarta mai fasasshen gilashi, ta danna da babban yatsa, ta kai baki kamar mai hura wuta. Ta yi sallama, ta faɗi ko ita wace ce. Ta ce ƙanenta mai albasa na Sandaga yana kwance a asibiti kaza, ɗaki kaza, ƙafa ce ta matsa masa, a sa shi a addu'a. Shi ke nan, ta saki a guruf ɗin unguwa.

Na ce, "Gwaggo, ba ki faɗi lambar ba. Ba ki faɗi abin da ake nema ba."

"Rufe mini baki."

Bayan la'asar suka fara zuwa. 'Yan dako na Sandaga da ƙurar buhu a kafaɗa, mahauta, direbobin manyan motoci, ma'aikatan ofis da suka sassauta nakatayi, matan layinmu da kwanukan kunu. Har ma'aikaciyar jinya ta tsaya a ƙofa tana shigar da su uku-uku. Kowa zai durƙusa ya ce, "Sannu Malam, ya jiki? Allah Ya sa kaffara ne." In zai tashi sai ya kai hannu ya gyara wa Baba matashin kai. Na biyu ma ya gyara, na uku ma. Baba kuwa ya kafa wa silin ido yana amsa addu'a, kamar bai san abin da hannuwan ke yi a ƙarƙashin kansa ba. Babu wanda ya roƙa, babu wanda ya ce ga shi.

Na taɓa ganin wannan. Lokacin jinyar Inna ina 'yar makaranta, na ga mutane suna ta gyara mata matashi, har na ce wa Baba a sayo mata wani tunda wannan ba ya zama daidai. Ya yi dariya kawai. Na girma a cikin abin, na je na yi karatun talla, ban taɓa tambaya ba.

Alhajin nan na Kano ya zo, shi ya fi kowa daɗewa. Ya yi kuka da hawaye, hannunsa ya daɗe a ƙarƙashin matashi. Da zai fita ya tsaya a gabana ya ce, "Haba Hajiya, ai da an sanar da mu tun wuri. Mutumin nan ubana ne a garin nan." Na sunkuyar da kai na ce a yi haƙuri.

Washegari da safe Gwaggo ta ɗaga matashin ta juye kuɗin da ke ƙasa a ɗankwalinta, ta ƙulle ta danƙa mini. Ya isa, har da saura. Na tafi ofishin likita da gudu, takalmina ɗaya ya fice ban tsaya ba. Likitan ya biyo ni ya warware bandejin, ya daɗe yana dubawa, yana latsa sama da idon sawu yana tambayar Baba ko yana ji. Sannan ya fito da ni waje ya yi magana a hankali. Ya ce da kwana uku da suka wuce ne, da ya gwada. Yanzu abin ya hau, in ana son ransa sai a cire daga ƙasan gwiwa, kuma yau.

Kwana uku da suka wuce ina canza shuɗi zuwa ja. Na zauna a ƙasa a barandar nan, mutane na tsallake ni.

Da aka sallame shi ya ƙi komawa Village, ya ce a mai da shi New Bell. Ban taɓa ba shi labarin hoton ba, amma Gwaggo ba ta iya riƙe magana, na san ya ji. Bai tayar mini ba, ni ma ban tayar ba. Ina zuwa duk Asabar in wanke masa kaya, in same shi a ƙofar gida da sandunansa, 'yan Sandaga na kawo masa labarin farashin albasa.

Wata Asabar ina share ƙarƙashin gadonsa na jawo takalmansa na zuwa Juma'a, baƙaƙe, waɗanda yake gogewa da kansa. Na tsaya riƙe da su ban san inda zan ajiye ba. Ya miƙo hannu ya karɓi na dama ya sa a ƙafarsa. Na hagun ya juya shi, ya hure masa ƙura, ya miƙo mini.

"Uwata, ke da kika iya talla, sa wannan a wayarki, ko Allah Ya kawo mai ƙafa ɗaya." Ya yi 'yar dariya. "Amma wannan karon ki faɗi na waye."

Na so in taya shi dariyar, ta ƙi fitowa. Ya dafa kaina ya ce, "Haba Uwata, wasa nake," ni kuwa na rungume takalmin ina kuka kamar ran da aka fita da Inna.

Yana cikin durowar teburina a ofis, ƙarƙashin samfurin sabulu. Ban sa shi a waya ba.