Ya Kori Shaidarsa da Hannunsa

Shekara goma sha tara na yi a hasumiyar filin jirgin sama ina ba jirage izinin sauka, kuma duk tsawon lokacin nan muryar da na fi yarda da ita ba ta matuƙi ba ce, ba kuma ta shugabana ba. Muryar wani dattijo ce mai yawo cikin ciyawa da tsohuwar a-kori-kura. A rediyon oba-oba Tsuntsu Ɗaya ake kiransa, mu kuwa Baba Tsuntsu muke cewa. Aikinsa korar tsuntsaye daga titin da jirage ke sauka.

Wanda bai sani ba dariya yake yi, kuma an daɗe ana yi masa ita. Amma balbela ɗaya idan ta faɗa cikin injin jirgi tana iya kashe shi, balle garke guda, ga mutum ɗari biyu a ciki kowa ya ɗaure bel yana tunanin masu tarbarsa.

Titi biyu ne da mu, dogo da gajere. Fasinja yana zaton ganin dama muke yi mu ce yau a sauka nan, gobe can. Ba haka ba ne. Jirgi yana son ya sauka yana fuskantar iska don ta rage masa gudu, saboda haka idan ta juya, dole mu juya. Haka idan ruwan sama ya kwanta a titi, ko ana gyara. Canjin kuwa ba wasa ba ne, don jiragen da suka riga suka jeru a sama sai an warware layinsu, wasu su yi ta kewaye suna ƙona mai, matuƙa na huci a kunnenka. Iska tana da na'urar da ke auna ta, ruwa kowa na ganinsa. Tsuntsaye ne kaɗai ba su da ma'auni sai bakin Baba.

Ya fara aikin tun yana saurayi, da gwangwani da sanda. Daga baya aka ba shi mota da bindigar tartsatsi mai ƙara kawai. Ya ce tsuntsu ba wawa ba ne, kwana uku yake yi ya gane abin da ba ya kisa. Da suka saba da motarsa har suna sauka a kanta, sai ya koma fitowa ya tsaya a fili, ya ware hannuwa yana ɗagawa yana saukewa a hankali kamar babbar shirwa. Mu a sama muna karɓe-karɓen madubin hangen nesa muna ƙyalƙyala dariya, su kuwa tsuntsayen sai su watse. Ƙarar jirage ta cinye masa kunnen hagu, shi ya sa kullum oba-obarsa tana ɗaure a kafaɗar dama. 'Yarsa ta taɓa gaya mini wai idan tana makaranta, cewa take yi babanta direba ne.

Ba shi da yawan magana. Sai a yi wata biyu bai nemi a canza titi ba. Idan kuwa ya ce, "Hasumiya, ƙarshen dogon titi ba lafiya, a ba ni minti ashirin," ba na tambaya. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni kuwa ga ni a kan rimin siminti, kuma daga nan ƙarshen titin ya yi nisan da balbela ba ta fi ƙwayar gishiri ba.

Ana nan aka kawo mana sabon manaja, mutum mai son tsabta da takarda. Da ya zaga filin sai ya ga ciyawar gefen titi ta kai rabin ƙwauri, ya ce wannan ƙazanta ce, a aske ta ƙwal. Baba ya bi shi har ofis, hula a hannu, ya ce ranka ya daɗe da gangan ake barinta, tsuntsu ba ya son zama inda ba ya hangen abin da ke tahowa, kuma yankan zai tayar da fara. Manaja ya yi masa godiya irin wadda ake yi wa mutum ana kallon agogo. Washegari aka sa injin yanka.

Da hantsi, lokacin da sama ta fi cika, oba-oba ta yi ƙara. Ban taɓa jin Baba da sauri a murya ba sai ran nan. Ya ce balbela sun fi ɗari uku suna bin fara a daidai inda taya ke taɓa ƙasa. Nan take na mayar da sauka kan gajeren titi. Jirgi goma sha ɗaya na warware, ɗaya daga ciki ya ce mansa ba zai kai shi jira ba, ya wuce wani gari. Kamfanoni suka dami manaja da waya, ya shiga mota a fusace ya nufi wurin don ya gani da idonsa.

Kafin ya isa, Baba ya gama aikinsa. Ya harba tartsatsi, ya yi gudu, ya yi fiffikensa, bai bar ko ɗaya ba. Manaja ya tarar da titi fes, da tsoho yana haki.

Aka kafa kwamiti. A ɗakin taro, mai sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, aka zaunar da Baba a ƙarshen tebur, ya karkato kunnen dama. Ya faɗi abin da ya gani, manaja ya ce gani ya kori ji, shi ya je bai ga komai ba. Sai aka juyo kaina aka ce, ni da na ba da umarnin, na ga tsuntsayen da idona? Na ce a'a. Gaskiya na faɗa, amma ban ƙara da cewa ba a taɓa ganinsu a wannan nisan daga hasumiya ba, ban ce shekara goma sha tara ina dogara da shi bai taɓa yi mini ƙarya ba. Tsoro ne ya kama ni, ina da 'ya'ya huɗu. Har yau idan na tuna wannan a'a ɗin raina ɓaci yake yi, kuma da kaina nake jin haushi fiye da manaja.

Aka rubuta cewa tsufa ya fara taɓa masa gani, aka sallame shi saura shekara biyu ya yi ritaya da mutuncinsa. Aka jera wasu tukwanen gas masu sakin ƙara da kansu duk bayan minti goma don razana tsuntsaye. Cikin mako guda hankaki suka mayar da su wurin hutawa.

Sai da aka yi wata bakwai na iya tattara fuskar zuwa gidansa. Na same shi da la'asar a tsakar gida yana gyaran ƙafar kujera. Matarsa ta kawo mini ruwa, ta ajiye ba ta dube ni ba. Na fara kame-kamen neman gafara, ya ɗaga hannu ya ce in bari, tambayata aka yi na amsa. Sannan ya tambaye ni ko wani abu ya faru a filin tun tafiyarsa. Na ce lafiya lau, ko fiffike ba a taɓa ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da buga ƙusa.

Da ya rako ni bakin ƙofa sai ya riƙe mini hannu, ya rage murya don kada matarsa ta ji.

"Ɗana, ba korar ce ke ci na ba," ya ce. "Shekara talatin da uku duk jirgin da ya tunkaro addu'a nake yi masa ya sauka lafiya. Yanzu idan ya wuce ta saman gidan nan, sai in kama kaina na kasa kunne, ina jira in ji injinsa ya yi tari. Don kawai a ce tsohon nan da gaskiyarsa. Da mutane a ciki fa, ɗana. Kullum sai na yi istigfari, gobe kuma in sake."

Ya sake mini hannu, ya ce in gaida yaran hasumiya, ya koma ciki ya rufe ƙofa.