Kakar da Merv Tollard Ya Kashe Fitila

Ranar Talata, tara ga Afrilu, 1996, Glenys Purdon ta fara haɗuwa da Merv Tollard. Sabuwar akawu ce a ofishin ƙaramar hukumar wani ɗan tsibiri, kuma laburaren garin, ɗaki guda a bayan ofishin, yana cikin aikin da aka ɗora mata. A ranar jirgin ruwa na kaya ya iso da akwatunan sababbin littattafan da ake aikowa daga birnin Launceston duk shigowar kaka. Merv ne ya sauke su, shi ya turo su a baro har ƙofa. Ya ajiye, amma bai tafi ba.

Dogon mutum ne mai manyan hannuwa, shekararsa arba'in da takwas, jikinsa na warin gishiri da man dizal. Ya tsaya yana murza hularsa har ta buɗe akwatin farko, sannan ya nuna wani siririn littafin yara mai hoton jirgin ruwa.

"Wannan ana ba da aronsa? Jikana zan kai wa."

"Sunan jikan?" in ji Glenys, ta ɗauki biro.

"Rubuta Merv. Takwarana ne."

Ta rubuta, ba ta ɗaga kai ba. Ba a daɗe ba ta gane babu wani jika. Matarsa Coral ce take koya masa karatu a teburin kicin, bayan ta shafe shekaru tana yi masa mitar cewa gemu ba ya hana ilimi. Tun yana ƙarami ubansa ya cire shi daga makaranta ya sa shi a kwalekwalen kamun kifi. Daga nan komai sai an karanta masa, takardar magani, sanarwar da aka manna a sito, har sunayen jiragen da yake sauke wa kaya. Ya taɓa gaya wa Glenys cewa babu abin da ya tsana kamar muryar da mutum yake yi idan yana karanta wa babba abu, a hankali, kamar yana ba yaro koko.

Cikin 'yan shekaru ya bar littattafan yara ya koma manya. Coral ta rasu a 2003, ya ci gaba shi kaɗai. Da rana yana sito a tashar jirgi, kwana shida a mako. Karatu sai da yamma, sai kuwa Lahadi. Duk watan Afrilu, in iska ta fara sanyi ana kunna murhu, zai turo baronsa ya tsaya a ƙofa.

"Hukuma, me kika ɓoye mini bana?"

"Dattijo, ka dawo da na bara tukuna. Har da tabon shayi a shafi."

"Ba ni ba ne, kare ne."

"Karen da yake shan shayi da suga uku?"

Gidansa shi ne na ƙarshe a hanyar bakin tudu, gidan katako ne tsoho, daga shi sai ciyawar da tsuntsayen rami suke haƙa gidajensu a ƙarƙashinta. Iyayen sukan tashi a tsakiyar Afrilu su nufi arewa mai nisa, su bar 'yan tsakin a rami. Sai a ƙarshen watan, yunwa ta koro yaran waje, su yi ta gwada fiffike da duhu, suna jiran iska mai ƙarfi da za ta ɗaga su. A makonnin nan duk hasken da suka gani binsa suke yi. Su faɗo a titi ko a tsakar gida, kuma tsuntsun rami in ya faɗi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ya iya tashi. Saboda haka mutanen wannan hanya suke kashe fitilunsu da faɗuwar rana, babu kuma mai tuƙa mota a kanta sai gari ya waye. Ba doka ba ce, haka aka taso aka gani. Merv kuwa, da sassafe kafin ya tafi aiki, yakan bi hanyar da kwali yana tsince waɗanda suka faɗo kafin hankaki su riga shi.

Ba wai mutum ne mai taushin zuciya a kan tsuntsu ba. Da ƙuruciya ya zura hannu a rami ya zaro su, ya ci namansu, uwarsa ta ɗura masa mansu lokacin sanyi. "Wanda za a ci daban," yakan ce, "wanda zai mutu a banza daban." A shekarun baya hanin kunna fitilar bai dame shi ba, don kyandir guda a kusurwar ɗaki ya ishe shi karatu.

A farkon 2012 ciwon suga ya taɓa masa ido. Likitan da yake zuwa daga Launceston ya gaya masa gaskiya: tsakiyar ganinsa na tafiya, kuma da sauri. Kyandir ya daina yi masa amfani, kwan lantarkin ɗaki ma haka. Sai da ya ɗauko babbar fitilar sito, irin wadda ake haska jirgi da ita, ya kafa a kan teburin kicin, ya haɗa da gilashin ƙara girman rubutu, sannan baƙaƙen suka tsaya wuri ɗaya.

Akwai wani labari mai littafi uku da yake bi, na wasu 'yan'uwa biyu da jirginsu ya ɓace a kudu. Ya karanta biyu, na ukun ne bai fito ba sai a shekarar. Glenys ta nemo masa shi mai manyan baƙaƙe. Jirgi ya yi latti saboda teku ta ɓaci, akwatunan ba su iso ba sai mako na uku na Afrilu. Littafin ya kai kaurin bulo. Merv ya auna shi a tafin hannu, ya yi dariya.

"Wannan ai sai da baro."

"Ka fara yau," in ji ta. "'Yan tsuntsayen sun kusa fitowa."

"Na sani, Hukuma. Ni na fi ki sanin maƙwabtana."

Ya samu 'yan kwanaki yana karatu, sannan aka ga tsakon farko a bakin rami. Glenys ta kwaso barguna daga gidanta, suka buga su da ƙusa a kowace taga. Amma gidan ya tsufa. Katakon bango ya buɗe baki nan da can, kuma saman kicin akwai kwanon rufi na roba da Coral ta sa aka sa don rana ta riƙa shigowa. Sun rufe shi da buhu, iska ta yaye buhun. Washegari Merv ya zo ofis da kwali a hannu, bai yi mata kirarin da ya saba ba. Ya ajiye a kan teburinta ya buɗe. 'Yan tsuntsaye biyar ne a ciki, duk a tsakar gidansa ya tsince su. Biyu ne masu rai.

"Ka zo nan ka riƙa karatu da yamma," in ji ta. "Ga mabuɗi. Ni zan mayar da kai gida."

"A motarki? Ki take su da taya maimakon fitila?"

"To ka kwana a gari. Ɗakin ɗana babu kowa."

"Wa zai bi hanyar da safe? Maƙwabcina Len? Len da ba ya ganin ƙafarsa saboda tumbi?"

"To bari in riƙa karanta maka. Ko in samo maka na saurare, akwai shi a faifai."

Ya dube ta, ko kuma ya dubi gefen fuskarta, don haka yake kallon mutane a lokacin.

"Glenys," ya ce, kuma bai cika kiran sunanta ba, "shekara arba'in da takwas ana karanta mini. Ya isa."

Ya naɗe wayar fitilar ya sa a ƙarƙashin gado. Lissafinsa shi ne mako biyu, in iska ta zo, yaran su tafi, ya koma kan littafinsa. Amma a shekarar iskar ta ƙi zuwa. Teku ta kwanta lumui, ciyawa ko motsi. Yaran suka yi ta fitowa suna kaɗa fiffike suna komawa. Ran Lahadi yakan kunna fitilar da rana tsaka ya karanta abin da ya samu, sai dai idon ya fara gajiya da wuri, shafi kaɗan ruwa ya cika shi. Sauran yammacin yakan zauna a bakin ƙofa da kofin shayi da karensa, littafin a cinya a rufe. Glenys takan taka da ƙafa ta kai masa soyayyen kifi da dankali kafin duhu. Ba ta sake ɗaga maganar ba. Ita ma ta koma duba sama kowace safiya, abin da ba ta taɓa yi ba.

Sai da Mayu ya shiga sosai iskar yamma ta taso, ta kwana biyu tana kaɗawa. Ramukan suka zama wayam. Merv ya fito da fitilar, ya kafa, ya ɗauko gilashinsa.

Ran Litinin ya shigo laburare da littafin a hammata. Ya ajiye shi a kan teburinta. Tsinken ashanan da yake sa alama da shi yana ciki, ya ɗan wuce rabi.

"Ka gama?" in ji ta, ko da yake ta ga tsinken.

"Gefen shafin nake gani. Tsakiyar kamar an shafa toka." Ya tura mata littafin. "Ba wa na gaba. Matar Len ta daɗe tana jira."

"Na karanta shi, Merv. In kana so in gaya maka ko sun…"

"A'a."

Ta ɗauki hatimi ta buga ranar dawowa. Tsinken ashanan ta zare ta miƙa masa, ya lalubo hannunta ya karɓa ya sa a aljihu.

Ya bar aikin sito a watan Yuni. Ya ƙara shekara biyu a gidan bakin tudu, yana bin hanyar da safe da sanda, karen na nuna masa inda tsuntsu yake. A 2014 'yarsa Denise ta zo ta tafi da shi Launceston. An sayar da gidan, wanda ya saya ya rushe shi. Merv Tollard ya rasu a can ranar uku ga Agusta, 2019, yana da shekara saba'in da ɗaya. An kawo shi tsibirin an binne shi kusa da Coral.